Fil Bakwai a Gefen Katifa

Moss Side, Manchester
Laraba, bayan la'asar

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan zamanki na Perry Barr. Allah Ya tsare min ke a ɗaki da kan hanya, Ya buɗa miki karatu, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Abbanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Yau kwana huɗu ke nan da kika turo min hotuna biyu a waya. Ɗaya shimfiɗar kwana ce ta soso, ruwan toka, mai naɗewa. Ɗayar kuma ta iska ce, wadda ake hurawa, mai launin lemo. A ƙasa kika rubuta, "Mummy, which one? Tafiyar saura two weeks." Kin ce ku takwas ne 'yan mata daga jami'a, kwana uku a duwatsun Wales, kowa da jakarta a baya, kwana a tanti. Na ga saƙon, na san kin ga na gani, ban amsa ba. Amsar ce ta ƙi shiga waya. Kuma kin san halina da ke. Ke ce 'yar fari, sunan mahaifiyata gare ki, ko sunan ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in ba ki labarin wautata ido da ido. A takarda kunyar tana raguwa, shi ya sa na ɗauko ta.

Ni ma na taɓa tsayawa a gaban waɗannan biyun. Na tafi irin tafiyar nan sau ɗaya a rayuwata, dare ɗaya tak, daga shi ban sake ba, alhali har yau ban daina mafarkinta ba. Abin da nake tsoro ke nan a kanki: kada darenki na farko ya zama na ƙarshe. Na ga yadda fuskarki take haske in kina maganar tafiyar nan, kuma na san wanda kika gado.

Ina da shekara ashirin aka kawo ni Birmingham, Abbanki yana tsakiyar karatunsa. A Ladywood muka zauna, flat a hawa na tara. Rabin akwatina littattafan soyayya ne da na kwaso daga Kano, na cusa su a tsakanin atamfofi don kada kakarki Hajiya ta gani. In ya tafi makaranta sai in ja kujera bakin taga in yi ta karatu, in na ɗaga kai in ga gajimare yana wucewa kusa da ni kamar zan iya taɓa shi. A littattafan nan kullum akwai inda saurayi da budurwa suke zaune a kan ciyawa, iska tana kaɗa mayafinta, farin wata yana kallonsu. Babu marubuciyar da ta taɓa cewa ciyawar tana da laima, ko kuma ƙugun yarinyar ya yi tsami.

Abbanki ya koyi yawon duwatsu a wurin abokan karatunsa, yana sonsa sosai a lokacin. Ranar da ya ce, "Sadiya, za ki raka ni mu kwana a kan dutse?" ban yi barcin kirki ba don murna. Na riga na rubuta labarin duka a kaina, har abin da zai ce min in taurari sun fito.

Kuskurena na farko a shago na yi shi. Shi yana da tsohuwar shimfiɗarsa ta soso, ya nuna min irinta.

"Ɗauki wannan. Ba ta da kyau, amma ba ta mutuwa."

"Wannan? Mai kama da kiret ɗin ƙwai? Haba, ni amarya ce fa."

"Ƙasa ba ta san amarya ba," in ji shi.

Na yi masa fari da ido, na nuna ta iska, shuɗiya kamar sararin Kano bayan ruwa ya ɗauke. Ban tambayi komai a kanta ba. Launin kawai na gani, da kuma kaina kwance a kanta kamar hoton bangon littafi.

Ummi, ba zaɓen ta iska ne laifin ba, rashin sanin dalili ne. Ni a da na ɗauka shimfiɗa don taushi ake yinta. Ashe babban aikinta ta tsaya tsakaninki da sanyin ƙasa. Bargon nan mai zif da ake shiga cikinsa kamar buhu, duk kaurinsa, inda kika danne da jikinki ya zama siriri, ba ya tare komai. Ƙasa kuwa duk dare tana zuƙar ɗumin jikin mutum a hankali. Ta iska mai kyau ta fi soso ɗumi da taushi, kuma in aka sace iskar tana komawa kamar gorar ruwa, ta shige jaka. Ke da kike kwanciyar gefe tun kina jaririya, ƙugunki zai gode mata. Amma rayuwarta duka a hannun ƙaramar huda take. Soso kuwa tauri gare shi, ga girma, dole a ɗaure shi a bayan jaka, iska tana kama shi, ƙofofin gonaki suna riƙe shi. Sai dai ko kin taka shi, ko ƙaya ta soke shi, ko tunkiya ta ɗan ci gefensa, da daddare yana nan yadda yake. A jikin kwalin kowacce za ki ga harafin R da lamba kusa da shi, ita ce ma'aunin ɗumi, in ta fi girma ta fi tare sanyi. Ki tambayi shugabar tafiyarku lambar da ta dace da ƙarshen Oktoba a inda za ku. Launi ki bar shi ya zo a ƙarshe.

Kuskure na biyu na yi shi a gida. Na ajiye shimfiɗar a cikin ledarta, na ƙi buɗewa, kamar kayan lefe, wai sai ranar. Akwai maƙwabciyarmu a lokacin, Mma Memuna, 'yar Kumasi, ƙofarta tana kallon tamu, tana aikin kula da tsofaffi. Ita ce uwata a garin nan. Na kai mata ta gani, ta juya ta, ta matsa, ta dube ni da Hausarta ta zango wadda mace da namiji duk "kai" ne.

"Amarya, kai hura shi yau. Ka kwana bisa shi nan ɗaki, ka gani ko yana da gaskiya."

"Mma, ai sabuwa ce."

"Sabon miji ma ana duba shi," ta ce, ta kwashe da dariya har tana dafa bango.

Na yi dariya ni ma, amma ban hura ba. Da ranar tafiya ta zo na yage ledar da sauri, wata 'yar ambulan ta faɗo, na zaci irin ƙullin nan ne da ake samu a cikin sabon takalmi, na haɗa da ledar na zuba a shara. Faci ne da gam a ciki, Ummi. Maganin ciwon na jefar tun kafin ciwon ya zo.

Don haka ranar da kika sayi taki, a daren ki hura ta, ki sauko daga gado ki kwana a kanta a ƙasan ɗakinki. Abokan zamanki za su yi dariya, ki bar su. In safiya ta yi tana nan da iskarta, to. Ki buɗe 'yar ambulan ɗin, ki karanta yadda ake facin tun hannunki yana da ɗumi, ki sa ta a aljihun jaka wanda ba za ki manta ba.

Tafiyar kanta kuwa, har yau in na rufe ido ina ganinta. Watan Satumba ne, muka shiga jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Peak, muka sauka a wata 'yar tasha da babu kowa sai mu. Katangun duwatsu da aka jera ba siminti suna hawa tudu suna sauka. Tumaki suna ɗago kai su dube mu su koma kiwo. Akwai wasu ƙananan furanni masu ruwan hoda da suka rufe gangaren dutse gaba ɗaya, in iska ta bi ta kansu sai ka ce wani ne yake shafa karan-miski da tafin hannu. Na ji ƙarar ƙorama tun kafin in gan ta. Na ce a raina, ashe littattafan ba su yi ƙarya ba, sun dai rage ne.

Da yamma Abbanki ya kafa tanti a wani fili kusa da gona. Na zauna ina hura shimfiɗata da baki har kaina ya fara juyawa, na cika ta tam kamar ganga. Shi ma kuskure ne, ƙarami. Ki bar mata ɗan sassauci, yadda in kin kwanta a gefe ƙugunki zai nutse amma ba zai taɓa ƙasa ba. Kuma in yamma ta yi sanyi iskar ciki tana raguwa da kanta, sai ki ƙara mata kaɗan kafin ki kwanta, kada ki tsorata.

Da magariba na ce a kan tawa zan yi salla, tunda ciyawa ta jiƙe da raɓa. Ina tayar da kabbara na ji kamar a kwalekwale nake. A ruku'u na yi gaba, na dawo baya, a sujada goshina ya nutse gwiwoyina suka tashi. Na sallame a raka'ar farko don na ji zan faɗi. Abbanki ya juya baya wai yana gyara igiyar tanti, kafaɗunsa suna rawa.

"Malama, ga kiret ɗin ƙwai nan in kina so," ya ce, bai juyo ba.

A kan sosonsa na yi magariba da isha. Wannan ba a rubuta shi a jikin kwali ba, amma ki sani: soso sallaya ne a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kujera ne in an tsaya cin abinci a hanya, kuma ba sai kin hura shi ba in lokaci ya yi kuna tsakiyar tudu.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauko biro. Taurari sun fito, sun fi na littafi yawa. Abbanki bai faɗi ko ɗaya daga maganganun da na shirya masa ba, cewa ya yi, "Gobe za a yi sanyi." Duk da haka zuciyata fari ƙal. Na shiga tanti, na zauna a kan shimfiɗata, na warware mayafi. Kin san yadda muke yi a gida. Tun ina yarinya a ɗakin Hajiya, in mace ta cire fil daga mayafinta, a gefen katifa take soke shi, don da safe hannu ya same shi ba nema. Hankalina yana kan taurari, hannuna ya yi abin da ya saba. Sai da fil ɗin ya shige na tuna a kan me nake zaune. Na zare shi da sauri, na kasa kunne. Ban ji komai ba. Na ce Allah Ya rufa asiri, na kwanta.

Hudar fil ba ta da ƙara, kuma ba ta sauri. Na yi barci a kan gajimare, na farka a kan dutse. Shimfiɗar ta zama kamar zanen gado, sanyi yana hawowa ta ƙuguna da kafaɗata kamar ana zuba min ruwan randa a cikin ƙashi. Na lallaɓa na hura ta, ta ɗauke ni na ɗan lokaci, ta sake ajiye ni. Abbanki yana gefe a kan abin da na raina, yana minshari hankali kwance.

Taɓa shi kawai zan yi. Da ya matsa min, mun raba soson, ko mu shimfiɗa jakunkuna da riguna a ƙarƙashina. Ban taɓa shi ba. Kunyar maganar kiret ɗin ƙwai ta hana ni, ga kuma fil ɗin. Sannan a littattafaina jaruma ba ta roƙo. Shiru take yi tana haƙuri, shi kuma ya farka da kansa, don zuciyarsa ta gaya masa. Na kwanta ina jiran zuciyar Abbanki ta gaya masa. Ba ta gaya masa komai ba, ya yi tafiyar wuni guda da kaya a baya.

Da asuba ya tashi ya same ni haƙorana suna haɗuwa, na kasa ko amsa sallamarsa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba. Ya mirgina ni kan soson, ya lulluɓe ni da duk abin da muke da shi, ya dafa shayi. Ya ɗaga shimfiɗar ya ga ta mutu, ya dubi ƙasa.

"Ƙaya ce. Ni na kafa tantin ban share wurin da kyau ba. Ki yafe min, Sadiya."

Fil ɗin yana maƙale a mayafin da na sake yafawa cikin dare, a ƙarƙashin haɓata. Na sa hannu na rufe shi.

Ummi, in sanyi ya kama ki, ki tayar da wadda take kusa da ke. Ko kun yi faɗa da rana, ko ke kika jawo, ko za ta yi tsaki. Sanyin dutse ba abin haƙuri ba ne, yana iya kai mutum asibiti. Ki ce, "Shimfiɗata ta sace, matsa min." Babu wanda zuciyarsa take tashinsa daga barci, baki ne yake tashin mutum.

Na yi mako guda ina zazzaɓi. Da muka je wurin likita, ta duba ni ta ce ina da ciki na 'yan makonni. Ke ce. Kin ga ashe kin taɓa kwana a kan dutse, kin sha sanyinsa tare da ni, wataƙila tun a ranar ya shiga ranki. Abbanki da ya ji, ya naɗe tanti da shimfiɗun biyu ya ɗora a kan kabad. Ya ce ya kusa halaka mutum biyu da sakacinsa. Na ce masa ni da dutse har abada, don in rufe maganar. Shi ma bai sake zuwa ba, ko da abokansa. Da muka dawo Manchester kayan suka biyo mu, suka haye silin. In ina saman bas mai bene ranar da gari ya washe, ina hango tsaunukan can gabas, shuɗi-shuɗi, sai in ji kamar an kira sunana. In sunkuyar da kai in ci gaba da karatuna.

Ranar da kika turo hotunan na shiga ɗakinki in canza zanen gado. Ina ɗaga zanen, ga su a jere a gefen katifa, fil bakwai, masu kan lu'ulu'u, har da koren nan nawa da na yi ta nema. Ban taɓa koya miki ba. Kin gani ne kawai, kamar yadda na gani a wurin Hajiya. Na zauna a bakin gadon da su a tafin hannuna, na hango ki a cikin tanti a Wales, idonki a kan taurari, hannunki yana warware mayafi.

Shekaranjiya bayan cin abinci, ƙannenki sun hau sama, na ajiye fil ɗaya a kan tebur a gaban Abbanki, na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon fil ɗin.

"Ke nan ba ƙaya ba ce?"

"Ba ƙaya ba ce."

"Sadiya, shekara goma sha tara ina jin haushin ƙaya. Ko a lambu na gan ta sai na harare ta."

Na fara kuka, shi ya fara dariya, daga baya muka yi musaya. Da ya natsu ya ce abin da ya fi masa ciwo ba fil ɗin ba ne, daren da na kwana ina rawar sanyi a gefensa ban taɓa shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Sai ya tashi ya ɗauko tsani. Ya sauko da shimfiɗun biyu, ƙura ta rufe su. Muka hura shuɗiyar, muka cika bahon wanka, muka danna ta a ruwa kaɗan-kaɗan. A gefen dama, daidai inda hannuna yake kaiwa, wasu 'yan kumfa suka fara tasowa a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero. Hudar ko ido ba ya ganinta. Ya busar da wurin, ya ɗauko facin keken ƙaninki, ya shafa gam, ya danna da babban yatsa. Aikin bai kai minti biyar ba. A falo na kwana a kanta, da safe tana nan da iskarta.

To ga amsar tambayarki. Ki sayi ta iska, mai lambar ɗumin da shugabarku ta ce. Soso kuma kada ki saya, na Abbanki yana cikin ƙunshin nan da na haɗo da takardar, na wanke shi. Ya tsufa, gefe ɗaya ya ɗan gutsure, amma yana nan da ransa. Ki shimfiɗa shi a ƙasa, ta iskar a sama. Ɗuminsu haɗuwa yake yi, soson yana kare ta daga tsakuwa, in kuma ta sace ba a ƙasa za ki farka ba. Ba shi da nauyi, girma ne kawai. In jaka ta yi miki yawa, ki rage riga ko littafi, ni da kaina nake cewa littafi, amma kada ki rage shi.

Akwai kuma ɗan gwangwanin alewa a ciki. Na fil ne. Kafin ki shiga tanti, tun kina waje a tsaye, ki cire su ki zuba a ciki ki rufe. In za ki iya, ki tafi da hijabi mai zurawa wanda ba ya neman fil ko ɗaya. Naki bakwai ɗin suna wurina, ba zan ba ki ba sai kin dawo.

Shuɗiyar ban aiko miki ba, ina da aiki da ita. Abbanki ya ce in sanyi ya wuce, furanni suka fito, za mu koma 'yar tashar nan. Ya ce wannan karon zai sayi soso biyu, kuma zai caje mayafina a bakin tanti kamar ma'aikacin filin jirgi. Ki je ki fara gano mana hanya, ki dawo ki koya min abin da na manta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare ƙafarki a kan dutse, Ya tsare ki daga hazo da ruwa da sanyin ƙasa, Ya sa ki yi barci mai daɗi ki farka kina son ƙari. Ki yi addu'ar tafiya kafin ki fita, ki kira ni in kin sauko inda waya take kamawa. In kuma kin ga taurarin, ki tsaya ki kalle su da kyau, hannunki a aljihu.

Wassalam,
Mamanki